Filin Lafiya: Daga Asibitin En'e Zuwa Katin Inshora

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato hanyar da mara lafiya ke bi kafin magani ya shiga jikinsa, da yadda hanyar ta sauya daga zamanin kakanni zuwa yau. Likita da ungozoma da jami'in lafiya na matakin farko ne suka haɗu suka ba da amsa. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni dattijo ne, na haura saba'in. Da ƙuruciyarmu in ka je asibitin En'e kati kawai za ka karɓa, a duba ka, a zuba maka magani a kwalba, ba ko kwabo. Daga baya ma wanda aka kwantar a asibitin gwamnati har abinci ake ba shi. Yau ko safar hannu sai ka saya. Shin gaba muka yi ko baya?
Wani dattijo daga Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara nisan kwana. Abin da ka tuna gaskiya ne, sai dai gaskiyar mutumin birni ce. Da sa'anka na ƙauyen da ke nesa da titi ne ya rubuto, da labarin ya sha bamban.

Asibitocin farko da Turawan mulki suka kafa a Arewa na sojojinsu da ma'aikatansu ne. Sauran jama'a a gida suke jinya: wanzami ya yi ƙaho, maɗori ya ɗora karaya, ungozoma ta yanke cibi, mai magani ya kawo sassaƙe. Talaka bai shigo lissafi sosai ba sai wajen ƙarshen shekarun 1920, lokacin da En'e-En'e, wato hukumomin gargajiya na sarakuna, suka fara gina asibitoci da kuɗin baitulmali. Asibitin cikin birnin Kano, wanda yau ake kira Asibitin Murtala, na wannan zamanin ne. Kuɗin baitulmali kuwa haraji ne da jangali. Ashe ke nan maganin kwalbar nan ba kyauta ba ne ɗungurungum, mahaifinka ya riga ya biya a hannun dagaci.

'Yan mishan an daɗe ana taka musu birki a ƙasashen sarakuna, shi ya sa asibitocinsu na farko suka kasance a wurare irin su Vom da Garkida, sai Wusasa a gefen Zariya. Kuturta ce ta buɗe musu ƙofa a shekarun 1930, suka riƙe Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. Asibitin ido na mishan da ke Kano ya biyo baya a 1943, na Galmi a ƙasar Nijar a 1950.

A karkara abin da ake da shi bai wuce sha-ka-tafi a garin hakimi ba: ɗaki biyu, malamin asibiti ɗaya, wankin gyambo, kwinin, maganin tari da na wankin ciki. Babu tiyata, babu ƙarin jini. Mutumin da ƙaba ta murɗe wa, ko matar da haihuwa ta zo wa da gardama, sai a ɗora shi a jaki ko amalanke a yi wuni guda ana tafiya, in ma an yarda a tafi, don da yawa suna ganin asibiti wurin da ake kai mutum ne in an fid da rai. Abin da ya fi isa ƙauye shi ne ayarin masu lamba, wato rigakafin agana, da masu duba ciwon barci. Aikin Anchau, inda aka sare kurmin bakin rafuka don korar ƙudan tsando har aka gina sabon garin Takalafiya, misali ne. Irin wannan bi-gari-gari ne ya kawar da agana daga Nijeriya a 1970.

Zamanin abinci kyauta a gado na arzikin man fetur ne. A 1975 gwamnati ta fito da shirin da ya tanadar wa kowane mutum 150,000 babbar cibiya ɗaya, matsakaita 4, ƙanana 20 da na tafi-da-gidanka 5. An zuba kuɗi a gini da kayan aiki, horar da ma'aikata bai cim musu ba. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980 komai ya tsaya cik, har sanarwar juyin mulkin ƙarshen 1983 ta kafa hujja da cewa asibitoci sun koma wuraren ganin likita kawai, babu magani. Tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar Naira, magani kuwa yawancinsa daga waje ake shigowa da shi. Daga nan ne takardar magani ta fara bin majinyaci zuwa kemis.

A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako cewa a sayar da magani da ɗan rangwame, kuɗin ya riƙa juyawa ana sayo wani. Dabarar ba ta da laifi a takarda. Abin da ke kashe ta a bayyane yake. Ana yafe wa marasa ƙarfi ba tare da wani ya mayar da kuɗin ba, manya su ɗauka bashi, a ciri kuɗin a sayi man janareta, sannan kafin a koma kasuwa farashi ya tashi, jarin da ya sayo kwali 10 ya koma sayo 7. Bayan zagaye kaɗan sai kantar magani ta zama wayam. A wannan zamanin ne dai Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya karkato da hankali ga matakin farko, ya fara da ƙananan hukumomi 52 na gwaji, aka kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa, NPHCDA, a 1992.

To, ga ma'auni. Ƙidayar 1963 ta ba da mutum wajen miliyan 55, yau an haura miliyan 200. A shekarun 1960 sama da yaro ɗaya cikin huɗu ba ya kai shekara biyar. Binciken ƙasa na 2018 ya samu 132 cikin 1,000, ko da yake Arewa maso Yamma na da 187. Kurkunu, wanda ya kama sama da mutum 650,000 a ƙarshen shekarun 1980, an daina ganinsa tun 2008. Maganin kuturta da na tarin fuka kyauta ne, kuma mutum daga gidansa yake sha. A ɗaya hannun, sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyata yake fita, kuma alƙawarin da shugabannin Afirka suka yi a Abuja a 2001 na ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi bai taɓa cika a matakin tarayya ba, yawanci tsakanin 4 da 6 ake yawo. Ta wajen nisa da abin da asibiti ke iya yi, Baba, an yi gaba nesa ba kusa ba. Ta wajen aljihu kuwa kai ke da gaskiya.

TAMBAYA: An gina mana asibiti a garinmu, fenti sabo, har da tankin ruwa. Amma in ka kai yaro da daddare a kulle yake, da rana kuma sau da yawa sai a ce ka wuce babban asibiti. To mene ne amfaninsa?
Wani matashi manomi daga Jigawa

AMSA: Ɗan'uwa, tambayarka biyu ce a haɗe. Tura ku babban asibiti da ake yi wani lokaci daidai ne. Kullewar dare ce matsala.

Asibitocin gwamnati hawa uku ne. Na ƙasa shi ne matakin farko, kuma shi ma iri-iri ne: akwai ɗan ƙaramin ɗaki na ƙauye mai ma'aikaci ɗaya ko biyu, akwai matsakaici, akwai cibiyar mazaɓa wadda ya kamata ta yi aiki dare da rana ta karɓi haihuwa. Hawa na biyu babban asibiti ne na jiha, inda likita yake, da ɗakin tiyata da ƙarin jini da hoto. Na uku su ne asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya, irin su na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988 da na Shika a Zariya. Fara tambayar shugaban asibitin naku wane iri ne aka yi masa rajista, don ba kowane mai sabon fenti ne aka tsara ya kwana a buɗe ba.

Abin da ya kamata ka samu a matakin farko ba kaɗan ba ne. Gwajin zazzaɓin cizon sauro na tsinke da ke fitowa cikin minti 15 zuwa 20, da maganinsa na kwana uku. Haɗin gishiri da sukari, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, wato ledar ruwa biyu, tare da ƙwayar zinc ta kwana 10. Rigakafin yara ranar haihuwa, da sati 6, 10 da 14, da wata 9 da wata 15. Awon ciki, awon hawan jini, ɗinkin ƙaramin rauni, awon damtsen yaro don gano tamowa. Da damina kuma akwai maganin kariyar zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya a wata. Na ranar farko ma'aikaci ke bayarwa, na rana ta biyu da ta uku uwa ke bayarwa, kuma a nan ake yawan yin sakaci, a ajiye ragowar a kan taga.

Yaron da ya kasa shan nono, ko yake amayar da komai, ko yake jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko ƙirjinsa ke lotsawa in ya ja numfashi, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, wannan ya wuce ƙarfin ƙaramin asibiti. Ma'aikacin da ya tura ka ya kyauta. Sai dai turawa tana da ƙa'ida. Ya kamata a fara ba yaron taimakon farko, misali maganin zazzaɓi mai tsanani na allura ko na matsi ta dubura, sannan a rubuta takarda mai ɗauke da abin da aka gani da abin da aka ba shi da lokacin da aka ba shi. Kada ka tafi ba takardar nan. Rashinta ke sa a maimaita magani ko a sake gwaji da kuɗinka.

Kullewar dare lissafi ne mai sauƙi. Kafin wuri ya yi aiki awa 24, kwana 7, ana buƙatar aƙalla ungozoma 4 masu karɓa-karɓa. Shirin tura ungozomomi karkara na 2009 a kan wannan adadi aka gina shi, ya kuma raunana da jihohi da ƙananan hukumomi suka kasa biyan nasu kaso na alawus da samar da masauki. Ɗan siyasa ya fi son gini, don gini ake yanka wa kirtani a ɗauki hoto, albashi kuwa kowane wata yake dawowa. Inda ma'aikaciya ɗaya ce, ba gidan kwana, ba katanga, ba wuta, ba za ta kwana ba, musamman a yankunan da tsaro ya taɓarɓare. A Borno, ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ta nuna wajen kashi ɗaya cikin uku na asibitocin jihar an rusa su gaba ɗaya.

Abin da ke hannunku shi ne kwamitin ci gaban mazaɓa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga matakin farko, an fara sa shi a kasafin 2018. Wani ɓangare na kuɗin yana shiga kai tsaye asusun cibiya ɗaya a kowace mazaɓa duk wata uku, kuma shugaban kwamitin yana cikin masu sa hannu kafin a fitar. Ku tambaya ko taku na ciki, nawa ya shigo, me aka saya. Garuruwan da suka ba ma'aikaciya ɗaki mai ƙofa da makewayi, suka kuma tura 'ya'yansu mata makarantar ungozoma da sharaɗin su dawo gida, su ne suka fi samun asibiti a buɗe da dare.

TAMBAYA: Matata na da ciki wata shida, na fari. Mahaifiyata ta ce su duk a ɗaki suka haife mu lafiya, zuwa asibiti haihuwa ragwanta ce. Babban asibiti kuma tafiyar awa biyu ce daga garinmu, da damina ma ta fi haka. Me kuka gani?
Wani magidanci daga Zamfara

AMSA: Malam, Allah ya sauke ta lafiya. A gaida Inna, kuma kada ka yi musu da ita, don yawancin haihuwa lafiya take zuwa ko a ina aka yi ta. Abin da za ka nuna mata cikin ladabi shi ne wajen mace 15 cikin 100 kan gamu da matsalar da ke buƙatar ƙwararre, kuma ba a iya nuna su da yatsa tun kafin ranar. In ka tambaye ta sa'o'inta nawa suka tafi wajen haihuwa, za ta lissafa maka da sunayensu.

Ra'ayinta ba baƙo ba ne. Binciken 2018 ya nuna haihuwa 39 cikin 100 ce ake yi a asibiti a faɗin Nijeriya, a Arewa maso Yamma 16 kacal. Da aka tambayi mata abin da ke hana su zuwa asibiti, 46 cikin 100 suka ce kuɗi, 26 nisa, 11 neman izini. A da rashin ma'aikata mata ya kori iyayenmu da dama daga asibiti, wannan ya ragu ƙwarai, amma tabonsa na nan.

Jinkiri uku ke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farko da na biyu a hannunka suke, kuma tun ran gini ran zane.

Ta fara awo yanzu in ba ta fara ba. Ana so a gan ta sau 8 kafin haihuwa. A kowane zuwa a auna hawan jini, in ya kai 140 bisa 90 ba a wasa da shi. A gwada yawan jininta da rukuninsa, a rubuta a kati. Ta sha ƙwayar ƙarin jini kullum, da maganin kariyar zazzaɓi sau ɗaya a wata aƙalla sau 3, ta karɓi allurar tetanus, ta kwana a gidan sauro.

Sannan ka bar izini a faɗe, a gaban Inna da wani ɗan'uwanka, cewa ko ba ka nan a tafi da ita. Mata da dama sun rasa rai ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa. Ka yi magana da direba biyu, ka riƙe lambobinsu, ka ware kuɗin mai daban da na cefane. A jihohin Arewa da dama akwai direbobin ƙungiyar NURTW da aka horar don ɗaukar masu naƙuda, ka tambaya a tasha. Ka kuma tanadi 'yan'uwa biyu ko uku masu lafiya da za su iya ba da jini, don a yawancin manyan asibitoci ba a sakin leda sai an kawo madadinta. Tunda hanyarku awa biyu ce kuma na fari ne, shawararmu ita ce in wata tara ya kama ta koma gidan wani dangi kusa da babban asibiti. Goyon ciki al'adarmu ce dama, wurin kawai za a sauya.

Dalilin wannan shawara shi ne zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa biyu, daidai tsawon hanyarku. A asibiti ana yin allurar oxytocin cikin minti ɗaya da fitowar jariri don mahaifa ta tsuke. Allurar tana son sanyin firji, in ta daɗe cikin zafi ƙarfinta na raguwa, shi ya sa wadda ake saya a kan tebur a kasuwa ba abin dogaro ba ce. Inda babu ita akwai ƙwayar misoprostol guda 3 da ake sha bayan jariri ya fito kuma an tabbatar babu na biyu a ciki. Shan ta kafin haihuwa don a gaggauta naƙuda na iya fasa mahaifa.

Alamun da ba a kwana da su: jini komai ƙanƙantarsa kafin haihuwa, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, jijjiga, fashewar faya ba naƙuda, hannu ko cibiya su riga kai fitowa, naƙudar da ta wuce awa 12, mabiyiya ta ƙi faɗowa bayan rabin awa, zane ya jiƙe sharkaf da jini. Doguwar naƙuda ce ke jawo yoyon fitsari, don kan jariri na danne mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu. Yankan gishiri ba ya buɗe hanya, ƙara ɓarna yake yi. A ƙarshen 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a zaɓaɓɓun asibitoci. Ka tambaya a wajen awo ko naku na ciki da takardun da ake nema, tun yanzu, ba ranar naƙuda ba.

TAMBAYA: In na tsinci wanda mota ta kaɗe ko aka harba, gaskiya ne asibiti ba za su taɓa shi ba sai da takardar 'yan sanda da kuɗin kafin alƙalami? Tsoron kada a riƙe ni ke sa in wuce.
Wani direba daga Kaduna

AMSA: Malam direba, a da haka aka saba, kuma rayuka da yawa sun salwanta a bakin ƙofa. Doka ta sauya. Sashe na 20 na dokar lafiya ta 2014 ya hana kowane asibiti ko ma'aikaci ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, hukuncinsa tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyu. Dokar 2017 kan waɗanda aka harba ta wajabta wa asibitin gwamnati da na kuɗi su karɓi mutum ko da takardar 'yan sanda ko babu, ko an ajiye kuɗi ko ba a ajiye ba. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa biyu da fara aiki, kuma dokar ta ce kada a tsangwami wanda ya kawo shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne wa zai biya asibitin daga baya. Kashi 5 cikin 100 na kuɗin tarayya da muka ce dokar 2014 ta ware wa lafiya an keɓe shi ne don gaggawa, amma tsarin bai kai ko'ina ba, shi ya sa wasu ke noƙewa har yanzu. In ka ɗauko mai rauni, danne wurin da ke zubar jini da tsumma mai tsafta, kada ka ba shi ruwa ko abinci, kada a lanƙwasa wuyansa wajen ɗagawa, ka nufi babban asibiti kai tsaye, sashen gaggawa. In an ƙi karɓa, nemi babban likita ko nas mai kula da aikin lokacin ka ambaci dokar.

TAMBAYA: Ina jin ana maganar inshorar lafiya. Ta ma'aikatan gwamnati ce kawai, ko mu 'yan kasuwa ma za mu iya shiga? Maƙwabcina yana da kati amma kullum ƙorafi yake wai ana ce masa babu magani.
Wata mai sayar da atamfa daga Kano

AMSA: Hajiya, za ki iya shiga. An yi dokar inshorar a 1999, aka fara aiki da ita a 2005, kuma shekaru da dama ma'aikatan tarayya ne kusan kaɗai suka amfana. Dokar 2022 ta sauya sunan hukumar inshorar zuwa NHIA, ta mai da shiga wajibi ga kowa, ko da yake har yanzu waɗanda ke da kati wajen ɗaya cikin goma ne na 'yan ƙasa. Jihohi ma sun kafa nasu tsarin na taimakekeniya, a Kano KSCHMA, a Kaduna KADCHMA, a Jigawa JICHMA. Mai sana'ar kansa yana biyan kuɗin shekara, shi kaɗai ko da iyali ko a ƙungiyance. Ki je ofishinsu da lambar NIN, ki tambayi kuɗin bana da tsawon lokacin jira, don kati ba ya fara aiki ranar da aka biya. Marasa ƙarfi, masu ciki, ƙananan yara, tsofaffi da masu naƙasa akwai gurbin da gwamnati ke biya musu, amma guraben ba su da yawa.

Yadda abin ke tafiya shi ne za ki zaɓi asibiti ɗaya ya zama naki. Ana biyan wannan asibiti wani ƙayyadadden kuɗi kowane wata a kan kowane mai kati, ko ya zo ko bai zo ba. In ciwo ya wuce ƙarfinsu, kamar tiyata ko ganin ƙwararre, sai sun nemo lambar izini kafin a tura ki. A tsarin ma'aikatan tarayya kati ɗaya na ɗaukar miji da mata da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18, majinyaci kuma na biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani.

Ƙorafin maƙwabcinki yana da tushe uku. Ko dai kuɗin wata-wata ya makara zuwa asibitin, ko farashin da aka yanka ya tsufa kasuwa ta wuce shi, ko kuma likita ya rubuta maganin wani kamfani da ba ya cikin jerin da inshora ke biya. Na ukun yana da sauƙin gyara, a roƙi likita ya rubuta sunan asalin maganin maimakon sunan kamfani. In an ce babu, a nemi jami'in inshora na asibitin a rubuta ƙorafi, a ajiye rasit. Kafin ki zaɓi asibiti ki tambayi masu kati da ke zuwa can, kuma ki zaɓi na kusa da gida, don mai suna da ke ƙetaren gari ba zai amfane ki da tsakar dare ba. Ki karanta abin da ba a biya, domin manyan jinya irin su wankin ƙoda da ciwon daji yawanci wani ɓangare kawai ake ɗauka. Ga mai hawan jini ko ciwon suga da ke sayen magani kowane wata, lissafin kusan kullum yana fitowa da riba.

TAMBAYA: Mu a nan an ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, amma in ka je likita sai majo, wato shugaban cibiyar, ya rubuta maka takarda ka sayo a waje. Ina kyautar take?
Wata uwa daga jihar Maraɗi, Nijar

AMSA: 'Yar'uwa, kyautar tana nan a doka, kuma ta yi aiki ba kaɗan ba. Nijar ta bi tsarin biyan kuɗin magani tun shekarun 1990. Daga 2001 shirin musamman na Shugaba Tandja Mamadou ya gina ƙananan ɗakunan shan magani wajen 2,000 a ƙauyuka. A 2005 aka mai da tiyatar haihuwa kyauta, a 2006 aka ƙara da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da awon ciki da tazarar haihuwa. Mutuwar ƙananan yara ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, saukar da ƙasashe kaɗan suka yi irinta a wancan lokaci. Gidan sauro da rigakafi na da nasu kaso, amma kusantowar ɗakin magani da ɗauke kuɗi suna cikin manyan dalilai.

Inda tsarin ya yi rauni shi ne wajen biya. Cibiya tana duba yaro ta ba shi magani daga kantarta, ta rubuta takardar kuɗi ta aika sama, gwamnati ta mayar mata. Da biyan ya riƙa makara watanni, wani lokaci shekaru, bashi ya taru, cibiyoyi suka rasa abin sayo sabon magani. Yara kuwa su ne mafi yawan masu zuwa, ga shi kuɗin manya kaɗai ke shigowa. Majon da ya rubuta miki takarda sau da yawa kantarsa ce ta ƙare.

Duk da haka kada ki fasa zuwa. Dubawa da gwajin zazzaɓi da rigakafi da abincin tamowa sukan samu ko da wani maganin ya yanke, kuma sayen abin da aka rubuta bayan gwaji ya fi sayen na mai talla a kai, wanda rana ta gama dafawa. Ki tafi da katin yaron kowane lokaci, shi ne shaidar shekarunsa. Ki ce a nuna miki wanne ne dole a cikin takardar, wanne ne zai iya jira. A wasu gundumomi ana karɓar dala ashirin, wato sefa 100, a kan kowane mai zuwa don asusun man motar ɗaukar marasa lafiya, wannan daban yake da kuɗin magani, ki karɓi rasit. A 2024 hukumomi sun sanar da rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi tare da mai da haihuwa kyauta daga watan Satumba, saboda haka ki duba jadawalin farashi da aka liƙa a bango kafin ki biya, in ya saɓa da abin da aka ce miki ki kai maganar ga kwamitin kula da cibiyar.